Takardar Gwajin Baba da Na Cusa Cikin Littafi

Anti, don Allah ki taimake ni. Abin yana cina, kuma ba wanda zan iya buɗe wa baki a gida.

Babanmu kafinta ne. Ni ce babba, ina koyar da kimiyya a firamare, shi ya sa yake tsokanata da likitar gida, duk takardar asibiti hannuna take zuwa. Shekara biyu da suka wuce fitsari ya fara ba shi wahala. Aka yi masa hoton MRI, aka ɗebi ɗan nama, aka ce sankara ce a furostet, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Likita ya juyo mana da kwamfuta, ya nuna wani ɗigo da bai kai ƙwayar wake ba. Ya ce za a sa ido, mu riƙa dawowa, sannan ya miƙo takardar da za mu kai a yi masa gwajin ƙwayoyin halitta. Yana bayani, Baba ya sunkuyar da kai yana murza hularsa, ni kuma kamar in nutse, ana zancen mafitsarar mahaifina a gabana. Ko tambaya ɗaya ban yi ba.

A hanya na ce masa ai ɗan mitsitsi ne, mun gani da idonmu, gwaji na biyu wahalar banza ce. Ya yi dariya, ya ce tunda likitar gida ta faɗa, magana ta ƙare. Na cusa takardar cikin littafin tsara darasi. Da ya ɗan ji dama, komawar ma muka yi ta ɗagawa.

Bana bayansa ya riƙe. Cutar ta shiga ƙashi. Sai yanzu aka yi gwajin, aka ga yana da wani canji na gado mai sa ta saurin yaɗuwa. Shagonsa a kulle yake, a ciki akwai kujerar da ya fara yi wa ɗiyata, ƙafa uku ya kafa mata. Kullum na shafa masa magani sai ya sa min albarka, ni kuma in fita bayan ɗaki in yi kuka.

Likita ya ce ƙannena maza biyu su zo a gwada su. Wata guda ke nan na kasa faɗa musu, don za su tambayi dalilin da ba a yi tun farko ba. Anti, ni na jawo masa?

'Yar Kafinta

Ɗiyata, Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sanyaya zuciyarki.

Ruɗun da kika faɗa ciki, mutane da yawa suna cikinsa: a ga abu ƙarami a hoto, a ɗauka ƙaramar cuta ce. Hoto yana nuna inda ɗigon cutar yake da girmansa a ranar. Naman da aka ɗiba da gwajin ƙwayoyin halitta su ke ba da labarin halinsa, mai sanyin jiki ne ko mai gaggawa. Ɗigo biyu za su iya zama daidai a ido, ɗaya ya shekara goma bai motsa ba, ɗayan ya bazu. Shi ya sa likitoci ke haɗa su kafin su yanke shawara.

Ba zan ce miki ba ki yi kuskure ba. Kin yanke hukunci a kan abin da ba ki tambaya ba, kuma fasa komawa ya fi ajiye takardar nauyi. Amma ba wanda zai iya rantse miki cewa da an yi gwajin, da ya hana abin da ya faru, kuma ba ke kika sa masa cutar ba. Kunya ce ta rufe bakinku, ke da shi.

Wancan ya wuce. Shirun wannan watan kuwa yana hannunki, kuma lafiyar ƙannenki yake taɓawa. Ki kira su cikin makon nan, ki faɗa musu duka, har da takardar. Za su iya yin fushi, ki bar su su yi, amma su je asibiti. Ke ma ki tambayi likita batun kanki, don wasu canje-canjen irin wannan suna jawo wa mata sankarar mama. Ki kuma tambaye shi ko sakamakon ya buɗe wa Baba hanyar wani magani, domin wani lokaci yakan yi hakan.

Shi Baba, ki nemi yafiyarsa ranar da jikinsa ya yi sauƙi, a taƙaice, kar ki ɗora masa aikin rarrashinki.

Ga abin da za ki gwada kafin ku koma: ki rubuta tambayoyinki a takarda, wadda harshenki ya kasa furtawa ki miƙa wa likita ya karanta. Ki tafi da ƙaninki ɗaya ya zauna kusa da Baba. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya tsare muku sauran gidan.

Antinku