Maganin Ƙudan da Babu Shi a Mississippi

Zuwa ga Yaya Thaddeus,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa wasiƙar nan ta same ka lafiya, kai da Marva da yara, a cikin sanyin Alaska da kuka zaɓa da hankalinku. Mu a Greenwood muna nan yadda ka bar mu. Mama ta daina sa gishiri a tarwaɗa saboda ciwon ƙodar ƙaninmu Alvin. Kowa na ci yana yabawa, kowa ƙarya yake.

Sakamakon gwajina ya fito ranar Talata. Jinina da na Alvin sun dace, amma ba za a ɗauki ƙodata a ba shi ba. Likitar, wata Baturiya mai ladabi, ta ce abin da ya kashe tasa yana jikina: wani gado ne a jini, daga uwa da uba, wanda ya fi yawa a baƙar fata. Wai a can Afirka shi ya kare kakanninmu daga ciwon barcin da ƙudan tsando ke sawa. Na ce mata madalla, ashe ba hannu rabbana aka sauke su daga jirgin bayi ba. Sunansu da harshensu da ƙasarsu duk sun salwanta, sai maganin ƙudan da babu shi a nan Mississippi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in na ba da ɗaya, ba lallai wadda ta rage ta kai ni tsufa ba.

Ban ce ka zo ba, Yaya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ban sa rai taka ta bambanta ba. Ka dai je a gwada ka, don kanka. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mama da Gwaggo Verlene da Kawu Otis suna gaishe ku.

Ranar Talatar, daga asibiti na wuce wurin da ake yi wa Alvin wankin ƙoda. Kujera goma sha biyu, fuskokin duk na baƙar fata kamar cocinmu ranar Lahadi, sai dai babu waƙa. Na gaya wa Alvin. Ya ce da ma ba ya so, wai ƙodar 'yar boko tana shiga cikinsa za ta fara gyara masa magana. Muka yi dariya. Sai ya tambaye ni, a hankali, ko ka kira. Na ce bari in samo masa bargo. Na jawo ƙofar ta rufe, ban tsaya ba sai a mota.

Ƙanwarka,
Odessa