Ba Wanda Ya Amsa Mini

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Ina gaisuwa. Ya gida, ya Malam da yara? Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Shekaranjiya jikata Maryam ta dawo makaranta da labarin dutse mai aman wuta. Malamarsu ta ce zafi ne ke narkar da dutse a ƙarƙashin ƙasa har ya fasa ya fito. Mutanen tsibirin Hawai kuwa wai suna gaya wa 'ya'yansu wata mata ce a ciki, in ta fusata ta kwararo wuta. Da Larabci take magana, uwarta na fassara mini.

Na ce na malama shi ne ilimi, ɗayan tatsuniya ce, mu ma muna da namu. Na gyara zama na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Yaya, shiru. Yarinyar ta kalli uwarta, uwar tana kallon waya.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida Inna Hajara. In kin kira ni ran Juma'a, kafin gaisuwa ki ce mini, "Ta zo mu ji ta."

Ƙanwarki Binta,
Utaibiyya, Makka