Ɗakin da Ba Shi da Suna

Zuwa ga ɗana Injiniya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu ma lafiya, sai gwiwar nan da ka sani.

Kwamfutar da ka aiko ta iso, na gode, ko da yake na fi son ganin mai aiken. Wata tara ke nan rabonka da gidan nan, tun ranar da ka ɗauki fasasshiyar wayar marigayiya mahaifiyarku ka ce za ka sa a ciro mini saƙonninta na murya. Har yau shiru. Ina marmarin jin ta tana yi mini faɗa kan magani, ban ɓoye maka ba.

Ka san shekara talatin na yi ina shugabancin makaranta, ba na zama a aji sai na duba kowane lungu. Don haka na sa manhajar farautar bairos, wato cutar kwamfuta, ta bincike kwamfutar sau uku. Ta ce babu komai, amma ni na ga abu. Ma'ajiyarta a rabe take ɗaki biyu. Na gane na farko, nan kayan aiki suke. Na biyun ba suna, cike da fayiloli masu lambobi barkatai, na danna sun ƙi buɗuwa. Sabuwar kwamfuta da kaya a ciki, wa ya zuba?

Na kira ka sau huɗu don in tambaya. Kullum kana taro.

Mahaifinka.

Zuwa ga ɗana,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali, da fatan kowa lafiya. Ni ba lafiya ba.

Na jira amsarka mako biyu. Da na gaji, na goge ɗakin nan tas, na juye takardun jarrabawata na shekara talatin a wurin, har ina yaba wa kaina.

Jiya Auta ta zo. Da na ba ta labari sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Ita ta gaya mini cewa mai gyaran da ka kai wa ya samu wayar ta farfaɗo sau ɗaya tak, ya juye muryar mahaifiyarku kai tsaye cikin ɗakin nan, daga nan wayar ta mutu gaba ɗaya. Saƙo ɗari biyu da sha ɗaya, ba kwafi a ko'ina. Wai ka hana ta faɗa mini, kana so sai ka zo hutu ka kunna mini da hannunka, ka ga fuskata.

Yau da safe na kai wa mai gyaran bakin kasuwa kwamfutar. Ya duba har azahar, ya ce da gogewa kawai na yi da an ceto su, amma takarduna sun hau kai. Daƙiƙa huɗu na muryar mahaifiyarku ya samo. Tari take yi, sannan ta kira sunana, shi ke nan.

Hannuna ne ya goge, ban musa ba. Amma kalma ɗaya a waya ta isa, Injiniya, kuma ita ka hana ni.

Kada ka wahalar da kanka da zuwa ganin fuskata. Na saurari tarin nan sau arba'in yau, kuma manhajar ta sake tabbatar mini kwamfutar ba ta da cuta ko ɗaya.

Mahaifinka.