Takwarorin Maigida

Laraba, 11 ga Satumba

Na gama littafin da ƙawata Nasiba ta turo mini a salula. Jarumin matuƙin jirgin sama ne, mai ƙamshin turare, kuma sunansa Ibrah. Har shi ma.

Ban san abin da ke cikin sunan nan ba. Ga Ibrah na Tabla, ɗan kokowar da rabon bayansa da taɓa ƙasa an manta. Ga Ibrah na rediyo, wanda in ya fara labaran rana nake ajiye taɓarya. Akwai lokotoro Ibrah, likita ɗan Damana, da aka ce yana haɗa ƙashi da ƙarfe a Yamai. Akwai mai gurmi, wanda ba a biki a ƙasarmu ta Kurfai sai da shi. Sai kuma nawa, da ke can gona yana korar tsuntsaye da gwangwani.

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa da bakina ba. Maigida, ko shi, kamar kowace mace. Amma na sauran ina faɗa son raina, har ina jan ƙarshen. Ɗazu Inna, mahaifiyarsa, ta ɗago daga tsince wake ta ce, "Sa'adiyya, sunan ga bai yi miki nauyi ga baki?" Na ce ai ba shi nake nufi ba. Ta ci gaba da wakenta.

Juma'a, 13 ga Satumba

Gero ya yi kyau bana. Maigida ya kawo mini zangarniya guda in gani, tsawonta ya kusa hannuna. Na ce masha Allah, idona a kan salula. Ya tsaya kaɗan, ya soke ta a danga ya fita.

Talata, 17 ga Satumba

Nasiba ta zo yini. Muna ƙarƙashin bishiyar bedi rediyo ya ce Ibrah na Tabla zai zo Filinge ran kasuwa, za a yi kokowar share fage, duk mai jin ƙarfi ya fito. Muka hau hirar Ibrori. Nasiba ta ce ita na rediyo ne nata, saboda murya. Na ce ni na Tabla, saboda kafaɗa. Maigida kuma ya dawo daga gona ke nan, yana zaune bakin rumbu da ƙwaryar fura, ƙafafunsa furu-furu.

Sai na ce, ina dariya, "Duk mai sunan nan sai ya zama wani abu a duniya. In ban da..." Ban ƙarasa ba. Da haɓa na nuna.

Nasiba ta yi dariya, ni ma. Shi ma ya yi, har ya ce ai kowane suna yana buƙatar mai noma masa hatsi. Amma bai shanye furar ba, shi da ke lashe ludayi. Na zuba wa kaji sauran.

Wasa ne dai. Kowa ya san wasa ne.

Asabar, 21 ga Satumba

Ya tambayi Inna ina tsohon walkinsa na kokowar samartaka. Ta ce gara ta ci shi tun bara waccan. Ban san ya taɓa kokowa ba. Ban taɓa tambaya ba.

Lahadi, 22 ga Satumba

A kan amalanke aka dawo da shi.

Litinin, 23 ga Satumba

Abin da na tsinta a bakin mutane. Ya je kasuwa sayen igiyar ɗaurin dami, igiyar ma tana rataye a wuyansa. Da aka yi shela ko akwai mai ja, samari suka yi ta tura juna, ba wanda ya fita. Sai shi ya tuɓe riga, ya miƙa wa maƙwabcinmu Ɗanjimma igiyar, ya shiga fili da wandon gona. Ɗanjimma ya riƙe shi, ya fizge. Ba a daɗe ba na Tabla ya ɗaga shi ya buga, hannun dama ya shige ƙarƙashinsa. An ce har makaɗa sun ji ƙarar.

Kawu Baushe, ƙanen Inna, shi ya yi ɗorin. Daga ƙauyensu ya zo, inda har yanzu suke riƙe da bori da tsafin kakanni. Ya ja hannun, ya jera kara, ya naɗe da tsumma yana magana ƙasa-ƙasa da waɗanda ba ma gani. Maigida bai yi ƙara ba, gumi kawai. Ni ce na yi ta kuka a bayan ɗaki har Kawu ya leƙo ya ce, "Ɗiyata, hannunki munka ja?"

Ya ce kada hannun ya ɗauki ko ludayi sai sanyi ya shigo. Gero kuwa ya nuna.

Da muka rage mu biyu na ce ko za mu je Yamai wajen lokotoro Ibrah. Ya dube ni da gefen ido ya ce, "Wani kuma? Guda ma ya ishe ni." Ya yi murmushi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 26 ga Satumba

Rediyo ya ba da labarin. Da muryar nan da nake ajiye taɓarya dominta ya ce zakaran Tabla ya kada duk wanda ya fito, har da wani manomi da ba a samu sunansa ba. Maigida yana kwance yana ji. Na tashi na kashe, na ce batir ne. An ce mai gurmi ma ya sa abin a waƙa, ana dariya in ya zo wurin.

Asabar, 28 ga Satumba

Inna ta gano mai laifi. Ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne, mutum mai mata da gona ba ya tuɓe riga gaban ƙato haka kawai, kiransa aka yi. Kuma wa ke tsaye kusa da shi? Wa ya riƙe masa igiya? Wa suka yi cacar baki da shi kan iyakar gona da shuka? Ɗanjimma.

Da yamma Haske, matar Ɗanjimma, ta aiko da tuwo da miyar kuka don maras lafiya. Inna ta mayar da kwanon ko buɗewa ba ta yi ba, ta ce a gaya musu mun ƙoshi da abin da suka riga suka ba mu.

Ɗanjimma ne ke kiran gayya a unguwar nan. In ya buga ganga samari su fito, in bai buga ba kowa ya ce yana da nasa aikin. Ran Litinin ya yi alkawarin tara mutane su girbe mana. Yanzu ko ƙofarmu ba ya kallo.

Maigida ya ce wa Inna ba wanda ya kira shi, ra'ayinsa ne. Ta ce ai haka wanda aka kira yake cewa. Ni ina gefe ina tankaɗe. Bai dube ni ba. Da gangan bai dube ni ba, na sani.

Talata, 1 ga Oktoba

Na je gonar. Tsuntsaye sun samu gida, suna tashi kamar hayaƙi suna sake sauka. Gefen yamma iska ta kwantar da kara, gara ta fara hawa. Maƙwabta duk sun ɗaure nasu, ba da daɗewa ba za a saki dabbobi cikin gonaki. Na kaɗa gwangwaninsa har hannuna ya gaji. Ban san haka yake da nauyi ba, yini guda a rana da abu ɗaya.

Na buɗe sabon littafi da na dawo. Jarumin ya sayi mota ya ba yarinyar makulli. Na rufe.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Na gwada. Inna tana kaɗa miya na durƙusa na ce ina ganin maganata ce ta kai shi filin nan, na faɗa mata abin da na ce gaban Nasiba. Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ke? Ke da ba ki iya hura wuta sai da leda? Tashi ki ba ni wuri. Maganar littahi ba ta karya hannun namiji." Ta ce gobe za ta aika wa Kawu Baushe a buga goge, iskoki su faɗi sunan mai aikin a gaban kowa.

Abin kunyar shi ne na ji sanyi a raina da ba ta yarda ba. Na faɗa, an ƙi, shi ke nan na fita. Har na ci tuwo da yawa.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Da safe na same shi bayan rumbu yana gwada riƙe lauje da hannun hagu. Yana sara kara guda, laujen na zamewa. Ya ɓoye shi a bayansa da ya gan ni, kamar yaron da aka kama da sukari.

Ban fita daga laifin nan ba. Ƙarya na yi wa kaina jiya.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na dama fura na ɗauka zuwa gidan Haske, ban gaya wa kowa ba. Ta karɓe ni a tsaye. Ta ce ko an aiko ni in duba inda suka binne layar ne. Na ce a'a, na zo in gaya mata wanda ya yi kiran. Na faɗa mata duka, har haɓar da na nuna da ita, har furar da kaji suka sha.

Sai ta fashe da dariya har ta zauna a kan turmi. Ta ce, "Wato mu muna nan muna shan zargi, ashe bokanyar na cikin ɗaki tana karatun soyayya." Ta ƙwala wa mijinta kira. Dole na sake faɗa a gabansa, kaina a ƙasa. Shi bai yi dariya ba. Ya ce shi da maigida tare aka yi musu kaciya, kuma ya ga fuskarsa lokacin da yake tuɓe rigar, ya san ba ta mai neman suna ba ce. Ya ce igiyar tana nan wurinsa.

Na roƙi Haske ta rufa mini asiri. Ta ce in an rufa nawa, nasu ya zauna a buɗe ke nan. Gaskiyarta. Kafin la'asar labarin ya kai rijiya. Da na je ɗiban ruwa wata ta ce a matsa wa matar Ibrori ta wuce, kada ta nuna mutum da haɓa.

Inna ba ta yi mini magana ba. Ba ta aika wa Kawu ba kuma. Da magariba na ga ta ɗauki goro ta nufi gidan Haske.

Talata, 8 ga Oktoba

An yi gayya. Tun da hantsi ganga ke tashi. Ni da Haske da Nasiba muka yi ta daka har tafina ya fashe, na kai fura gona a kaina sahu-sahu. Samari suna ganina suka sa waƙa, wai a yi sauri kada uwargida ta ce wani abu. Na haɗiye. Abin da tsuntsaye da gara suka ci ya tafi, gefen yamma kusan babu komai. Sauran ya shiga rumbu.

Shi yana zaune a inuwar gawo da hannu a rataye, yana nuna inda za a jera dami. Ba wanda ya tsokane shi. Ni kaɗai.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ina shafa masa man da Kawu ya bari, sai ya ce wa ya aike ni tona kaina. Na ce gero. Ya ce to, gero ya gode.

Na ce ya yafe mini. Ya ce bai riƙe ni ba, shi ne wawan. Na ɗauka ya gama. Can ya ce, "Ba ki nan, ba ki gani ba. Kahin ya kada ni sai da na ɗaga mishi ƙahwa guda. Ta bar ƙasa, Sa'a. Ki tambayi Ɗanjimma."

Na ce na yarda. Ya ce a'a, in tambaya dai.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na tambaya. Ta bar ƙasa.

Asabar, 2 ga Nuwamba

An kwance karan. Hannun ya haɗu amma ya ɗan karkace, ba ya miƙewa duka. Kawu ya ce zai yi noma, sai dai ya manta da ɗaga dami sama da kai. Shi yana ta wasa da abin, wai yanzu hannunsa ya dace da ƙotar hauya. Ni duk sanda ya miƙa hannu karɓar ƙwarya sai na ga lanƙwasar.

Yanzu ni nake karanta masa littafi bayan azahar. Yana katse ni, wai shi wannan matuƙin jirgin wa ke noma musu abin da suke ci. Na zo inda yarinyar ke kiran sunan jarumin sau da yawa, na ce "wane" na wuce.

Zangarniyar nan da ya soke a danga tana nan, tsuntsaye sun cinye rabi. Na cire ta na sa a ɗaki.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

An yi kokowar zaɓen waɗanda za su wakilci jiha. Nasiba ta kira, rediyonsu ya mutu, wai wa ya ci. Na buɗe baki in faɗa mata, sai na ji na ce takwaran maigida ne. Ta ce wa? Na ce na Tabla mana. Ta ce to wa ya ba da labarin, nata mai muryar? Na ce e, shi ma takwaran nasa. Ta yi ta dariya, wai yaushe na zama tsohuwa. Na ce layin ne ba kyau, na kashe.

Inna tana kusa tana tsince wake. Ba ta ɗago ba, amma ta tura mini ƙwaryar in taya ta, abin da ba ta taɓa yi ba.

Na duba shafin nan, a rubuce ma ban sa sunan ba. Gajiya ce, ina jin. Bari in je, ya kusa dawowa, furarsa ba ta dahu ba.