Na Ba Kabiru Waƙoƙinka

Zuwa ga aminina Garba,

Assalamu alaikum. Allah ya kai haske kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ranka ma ni nake karanta maka wasiƙa, amma magana ta cika mini ciki.

Gida lafiya. Damina ta yi kyau a Dakko, sai dai an bar gonakin nesa saboda halin da ake ciki, gayya kuwa an daina. Cikin 'yan amshinmu biyar, biyu suka rage.

Kaset ɗinmu na waƙoƙin noma ya dawo, Garba. Wani ya zuba shi a waya, yanzu daga tashar Mafara har kasuwar Maradun shi ake ji, kamar zamanin da kowane mai shayi ke da rikoda. Ka tuna ranar da muka ɗauke shi a situdiyo a Gusau? Aka rufe mu a ɗaki mai sanyi, na rataya ganga, hannuna ya ƙi tafiya. Ni da na saba bin bayan manomi yana huɗa, yaya zan yi kiɗa ina kallon bango? Sai ka tuɓe riga ka duƙa, kana huɗar siminti babu garma, kana waƙa, mai ɗaukar sauti yana bin ka da makirfo yana dariya. Shekaru ina cika baki wai hannuna ne ya riƙe kaset ɗin nan. Ƙarya nake yi, bayanka na bi.

Ga dalilin rubutuna. An nemi mu koma situdiyo mu ɗauki waƙoƙinka da ba su shiga kaset ba. Yau ba su ko'ina sai a kaina, ni kuwa na tsufa, kuma muryata ko kaza ba ta kora. Ɗanka Kabiru ne ke da irin taka. Na iske shi a shagonsa yana taka keken ɗinki yana rera waƙarka, sai na tsaya bakin ƙofa ina saurare.

Ban manta ba, ka sa na yi maka alkawari ba zan bari ya shiga waƙa ba, don ka gaji da a kira ka maroƙi. Na riƙe alkawarin nan tun rasuwarka. To in na biyo ka, wa zai riƙe waƙoƙin? Kabiru magidanci ne mai sana'arsa, ba zai tsaya ƙofar kowa ba. Na gaya masa komai ban ɓoye ba, ya amince, mahaifiyarsa ma ta sa albarka. Tuni ya haddace huɗu.

Ranar Asabar za mu tafi. Na saɓa maka, Garba, kuma ban yi nadama ba. Ka ajiye faɗanka, ba da jimawa ba zan zo in saurara.

Sai mun haɗu.

Makaɗinka,
Mamman na Bakura