'Yata Lauya Ce, Kuma Amininmu Take Ƙara

Anti Halimatu, ki taimaka mini da shawara, kaina ya kulle.

Ina da ɗan gidan abinci a Dengfeng, cikin Guangzhou. A nan na reni 'yata Firdausi, tun tana firamare take yi wa 'yan kasuwarmu tafinta da Sinanci. Ta koma gida ta karanta lauya, ta dawo, yanzu tana wani ofishin lauyoyi a nan. Fanninta kare sunan kaya da zanensu daga masu kwaikwayo, da rigingimun kasuwanci. Abokan aikinta 'yan China ke tsayawa gaban alƙali, amma ita ke haɗa hujjoji. Ranar da wani laoban, wato babban maigida mai masana'anta, wanda a shekaru ya haife ta, ya miƙe tsaye don ta shigo, sai da na shige kicin na yi kukan daɗi. Ki gafarce ni, in na fara zancenta ba na iya tsayawa.

Wata baiwar Allah a Kano, Ummu Salma, tana zana mayafai, ta yi rajistar sunanta har nan China. Sai ga mayafai jibge a shagunan kasuwar Guangyuan ta nan garin da sunanta a jiki, yadin kuwa wanki ɗaya ya koɗe. Da kayan suka isa Kano, mata a kasuwar Kwari suka fara zaginta. Ta kawo kuka ofishinsu Firdausi, ita kuwa Firdausi ta bi diddigi, ashe wanda ya ba masana'antar oda Alhaji Illa ne, mutumin Maraɗi. An shigar da ƙara.

Anti, Alhaji Illa ne ya tsaya a kan gawar mijina. Shi ya yi zirga-zirgar takardu, shi ya nemo masu wanka, a ƙasar da ba mu da kowa. Da ya ji batun ƙarar ya zo wurina ya zauna, ko shayin da na kawo masa bai taɓa ba, ya ce kowa haka yake yi a kasuwa, in ja wa 'yata kunne. Na yi mata magana, ta durƙusa ta ce in yi haƙuri, amana ce, ba za ta iya tattauna shari'ar da ni ba. Wallahi raina ya ɓaci, amma a can ciki sai da ta burge ni. Yanzu mutanensa sun daina shigowa, wasu na cewa mun yi butulci. Na san in na ce ta janye, za ta janye. In ce?

Uwar Lauya, Guangzhou

Uwar Lauya, barka da samun 'ya irin wannan.

Kada ki ce ta janye. Ko ta janye, ƙarar na nan, wani lauya zai ɗauka, wanda bai san darajar Alhaji ba. Abin da za ki samu kawai shi ne ki ɓata mata suna a aikin da ake rayuwa da amana. Ki kuma tuna Ummu Salma, wadda ake zagi a kan kayan da ba ita ta yi ba.

Sai dai Alhaji Illa ba abin yarwa ba ne. Alherinsa gaskiya ne, kuma tsoro ne ya kawo shi wurinki. Ki nemi dattijon da yake jin maganarsa ya raka ki. Ki fara da godiya, sannan ki faɗa masa ba ki da iko a kan shari'ar, ya nemi lauyansa tun wuri, ya nemi sulhu. Mutumin da ya iya cika shaguna da mayafin jabu zai iya zama dillalin na gaske, in mai sunan ta yarda.

Firdausi kuma ta sanar da shugabanninta kusancinku da shi, in ba ta riga ta yi ba. Su za su duba ko ya dace ta ci gaba. Wannan kariya ce gare ta.

Masu ƙaurace wa tuwonki, ki ci gaba da gaishe su. Abu ɗaya kuma: kin faɗa mini kina alfahari da ita, amma ban ji kin faɗa mata ba. Ki faɗa mata yau, don ita ma nauyin nan tana ɗauke da shi.

Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya sanyaya zukata, Ya ƙara wa lauyarmu basira.

Halimatu Sadiya