Mutumin da Ya Juya wa Fili Baya

Yaya Nicanor,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙafar taka?

Jiya jikata ta kai ni gidan tarihin besbol, wasan nan na ƙwallo da sanda, na nan birni. Shekara sittin ina bin wasan nan, sai yanzu na taka. Na ga sanduna da riguna da kofuna, har na iso wani ƙaton hoto na ranar da ƙungiyarmu ta ɗauki kofi. Jama'a duk sun miƙe suna ihu. Mutum ɗaya ne ya juya wa fili baya, da malafarsa. Baba ne, Yaya! Kunnuwan nan ko a duhu na san su.

Amma ka san abin da suka rubuta a ƙasa? Wai "Magoyin bayan da ya sare, zai fice." Baba Fulgencio ne zai sare? Na tada musu ƙura. Na ce al'adarsa ce, in an zo zagayen ƙarshe ba ya kallo, don ya yi imani idonsa ke jawo mana faɗuwa. Wata yarinya mai kula da wurin ta ce za su gyara in na kawo wanda yake filin wasan a ranar. Ni an bar ni gida da ƙyanda. Kai ka rage.

Ƙanwarka,
Eduviges

Eduviges,

Na samu takardarki. Ƙafa da sauƙi.

Kin san ba na son zancen nan. Camfi ne, kuma a makaranta ni aka riƙa yi wa dariya, ana ce mini ɗan mai kallon bango. Ki bar su da rubutunsu.

Amma ki koma ki dubi hannunsa na hagu. Yana riƙe da wani ƙaramin hannu. Nawa ne. Yana matsa shi yana cewa, "Faɗa mini, me kake gani?" Da ƙwallon ta haye katanga, bugun da ya ba mu nasara, na ja shi don ya waiwayo, ya ƙi. Ya ce sai ɗan wasan ya zagayo fili ya taka gida, maki ya tabbata. Duk rayuwarsa ranar nan yake jira, kuma bai gani ba.

Na rubuta wannan, na kasa cin abinci. Ranar Asabar zan shigo motar safe. Ki dafa ayaba.

Nicanor

Yaya,

Da fatan ka isa gida lafiya. Ashe ka iya magana haka a gaban mutanen gidan tarihin? Kuma na ga hawayen, kada ka ce mini mura ce.

Yau suka kira ni za su yaye ƙyallen da ya rufe sabon rubutun. Jikata ce ta karanta mini: "Fulgencio Peguero, yana tsare wa ƙungiyarsa nasara." Ta ce da manyan baƙaƙe. Alfahari kamar ya kashe ni.

Ni dai ban gani ba. Da suka kama ƙyallen, juya baya na yi, kada in ɓata.

Taka,
Eduviges